Tufar Saƙa da Abin da Ta Ke Nunawa

Ya kai mai karatu, ka san dai tufa ta rufin asiri ce da maganin sanyi. Amma tufar da aka saƙa da hannu tana da wani aiki bayan wannan, watau tana faɗa wa jama'a ko kai wane ne tun ba ka buɗe baki ba.

Da fari, dubi yawan hannuwan da ta ke ratsawa. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna yana jefa ƙoshiya, ya fid da ƙwarya, watau ɗan siririn ƙyalle mai faɗin kamar yatsa huɗu. Marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, maɗinki ya harhaɗa. Ka ga riga guda ta ciyad da gida shida. Gaskiyar Hausawa da su ka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, kowace irin saƙa da matsayinta. Fari na kowa ne. Saƙi kuwa, mai zane kamar jikin zabuwa, na dattawa ne da masu hali. Tsamiya, zarenta daga gidan wata tsutsa a ke samunsa, wahalar gyaransa ita ta sa ya yi tsada. Barage ana sa mata jan alharini, wanda fatake su ke kawowa a da ta hamada daga Tarabulus. In aka yi wa irin waɗannan ɗinkin aska takwas, sai mai riga ya zama abin gaisarwa tun daga nesa. Don haka sarakuna su ke kyauta da riga, kuma ba a cika sarauta sai da naɗin rawani.

Ba manya kaɗai ba. Mata su ma suna saƙa a cikin gida, tasu mai faɗi ce, su ke yin gwado da majanyi. Da majanyi a ke goyon jariri, da zanen saƙa a ke yi wa amarya kaya, a da kuma da farin saƙa a ke yin likkafani. Ashe tufar nan tana raka mutum tun daga bayan uwarsa har kabari.

Ta kuma ɗaukaka sunan ƙasa. A 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi Buzaye su ke naɗawa, suna alfahari da shunin da ya ke bari a fuskarsu. A Barno ma an yi zamanin da ƙyallen saƙa, wanda su ke kira gabaga, shi ne kuɗin ciniki.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin inji ya yawaita, ga araha, masaƙa su ka yi ta raguwa. Amma inji yadi dubu ya kan fitar duk kama ɗaya, saƙar hannu kuwa kowace da alamar mai ita. Saboda haka in ka ga masaƙi, kada ka raina shi, gwani ne. In kuma ka gāji rigar saƙa wurin mahaifinka, adana ta, gama tarihin gidanku ce.