Kek Ɗin Lemun Tsami Mai Ƙwayar Fofi: Daɗin Yana Cikin Ɓawo

A yawancin gidajenmu, da zarar an matse lemun tsami a shayi ko a kan kifi, sai a wurgar da ɓawon a kwandon shara. Ruwan ake nema. To akwai wani kek da ya karɓu sosai a Amurka da Ingila, wanda idan aka bi wannan ɗabi'a wurin yinsa, an zubar da rabin daɗinsa tun ba a kunna wuta ba. Duk mai leƙa hotunan girki a waya ya taɓa cin karo da shi: cikinsa ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon baƙar ƙwaya ko'ina, samansa yana sheƙi. Ganin hoton kan sa uwargida ta ɗauka aikin gwanaye ne. Alhali yana cikin kek mafi sauƙin yi. Ba ya neman injin bugawa, ba ya neman bota, kwano biyu da maburgi sun isa.

Ruwan lemo tsami ne zalla, ƙamshinsa kaɗan ne, kuma ɗan abin da ke akwai zafin gashi yana korar mafi yawansa. Ƙamshin yana cikin wani mai da ke ɓoye a ƙananan ramukan fatar waje. Wanda yake son ya gani da idonsa, ya lanƙwasa ɓawon lemo kusa da hasken fitila, zai ga wani feshi siriri ya tashi, yatsunsa su yi maiƙo. Wannan man shi ne kek ɗin. Ana kankare ɓawon da magogin kuɓewa, ta gefen ƙananan huda, a hankali, ana juya lemon. Da an ga fari ya leƙo sai a matsa gaba, domin farin nan na ƙarƙashi ɗaci ne da shi, kuma sukari ba ya ɓoye shi. Kafin gogewar a wanke lemon da ruwan ɗumi a tsane shi, musamman manyan nan na kanti da ake shigowa da su, waɗanda galibi ana shafe su da kakin zuma ko makamancinsa don su jure tafiya.

Wane lemo? Turawa da babban nan mai kaurin ɓawo, ruwan ɗorawa, suke yi. Ƙaramin koren da ya cika kasuwanninmu ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne. Ya fi shi kaifin tsami, fatarsa siririya ce, ƙamshinsa kuma daban. Amma yana yin kek mai kyau ƙwarai, ni a wurina ma ƙamshinsa ya fi tashi. Abin lura kawai shi ne, a madadin manya 2 sai a goge ƙanana 4 ko 5, da sassauta hannu, saboda ba a daɗe ana gogawa ake isa farin.

Ga kayan da za su cika gwangwanin gashi mai tsawo irin na burodi: fulawa giram 200, wato ƙaramin gwangwanin madarar ruwa 2 da ɗan ƙari, sukari giram 180, gwangwani 1 da sulusi, ƙwai 3, man girki mara wari mililita 120, kashi uku cikin huɗu na gwangwanin, kindirmo ko yogot mara sukari shi ma kamar haka, bekin foda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan barbaɗe, ƙwayar fofi babban cokali 2, gogaggen ɓawon lemo, da ruwan lemo babban cokali 3. A ajiye wani ruwan lemon cokali 4 da sukari cokali 4 a gefe, aikinsu na ƙarshe ne. Mai sikeli ta yi amfani da shi, domin gwangwanin fulawa da aka danna da wanda aka zuba sakwa-sakwa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma yawancin kek da ke fitowa da tauri daga nan matsalarsa take farawa.

Aikin farko shi ne wanda aka fi tsallakewa. A zuba sukarin a kwano, a juye gogaggen ɓawon a kai, a sa yatsu a murtsuke su tare na minti 1 ko 2. Ƙwayoyin sukari suna da kaifi, suna fasa ramukan man nan su tsotse shi. Za a ga sukarin ya ɗan yi danshi, ya sauya launi, ƙamshin ya cika kicin har wanda ke tsakar gida ya tambayi me ake yi. Idan aka jefa ɓawon cikin kwaɓi kai tsaye, ƙamshin yana maƙalewa wuri-wuri. Idan aka murtsuke shi da sukari, duk inda sukari ya shiga ya tafi da shi.

Sai a fasa ƙwai a kan sukarin a buga da maburgi har ya yi haske ya ɗan yi kauri, a zuba mai a hankali ana bugawa, a bi da kindirmo da ruwan lemo. A ɗaya kwanon a tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri, a zuba ƙwayar fofi a gauraya. Daga nan a juye busassun a kan masu ruwan.

A nan ne hannun da ya saba da tuƙin tuwo yake cutar mai shi. Tuwo yana son a tuƙa shi har ya yi danƙo, kek kuwa danƙo ne abokin gabarsa. Fulawar alkama tana da wasu sinadarai da idan suka haɗu da ruwa aka yi ta juyawa, sai su sarƙe su zama zare-zare mai jan roba. Abin da mai burodi yake nema ke nan, shi ya sa yake murza kwaɓinsa. Mai kek kuwa ta ajiye maburgi ta ɗauki cokalin katako, ta riƙa ɗagowa daga ƙasa tana kifawa a sama, da zarar farin gari ya ɓace ta tsaya. 'Yan ƙananan gudaji ba laifi ba ne, wuta za ta daidaita su.

Kuma kada kwaɓin ya zauna. Bekin foda, wanda wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa irinsa na farko a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis, yana fara fitar da iska ne da zarar ya taɓa ruwa, balle ruwa mai tsami irin na lemo da kindirmo. Iskar nan ce ke kumbura kek. Idan aka gama kwaɓi sannan aka tafi hura gawayi, wani kaso na iskar ya tsere. Saboda haka wuta ta riga kwaɓi shiri, gwangwani ma a shafe shi da mai a barbaɗe da fulawa tun farko.

Mai oben ta sa shi a digiri 175 zuwa 180, gashin zai ɗauki minti 45 zuwa 55. Wadda ba ta da shi ba ta rasa komai ba. Babbar tukunya mai murfi, da yashi mai tsabta kaurin yatsu uku a gindinta, a ɗora a wuta ta yi zafi na kamar minti 15, a sa ɗan murfin tukunya ko duwatsu uku a kan yashin don gwangwanin ya ɗan ɗagu, a rufe. Wuta ta zama matsakaiciya, ta fi karkata ga ƙasa-ƙasa. Masu gawayi kan ɗora garwashi kaɗan a kan murfin a mintocin ƙarshe don saman ya yi ja. Ko oben ko tukunya, doka ɗaya ce: ba a buɗewa kafin minti 30. Tsakiyar kek ɗin lokacin ba ta kama jikinta ba, iska mai sanyi na shiga sai ta lotsa, kuma ba ta sake tashi. Tsagewar da ake gani a tsawon samansa ba aibi ba ce, haka irin wannan kek yake. Tsinken sakace ne alƙali: a soka a tsakiya, idan ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ya yi.

Yanzu lokacin ruwan lemon da aka ajiye. A ɗumama shi da sukarinsa har sukarin ya narke, ba sai ya tafasa ba. Kek na fitowa, yana cikin gwangwaninsa da zafinsa, a huda samansa da tsinke wurare da yawa, a riƙa zuba ruwan da cokali, a jira ya shanye a ƙara. Tsamin da bai shiga wuta ba shi ne wanda harshe ke fara ji, shi ne kuma yake hana kek bushewa. A bar shi ya huce kafin a yanka. Washegari ya fi daɗi, idan yara sun bari ya kwana.

Saura ƙwayar, wadda ita ce baƙuwa a wurinmu, kuma ya kamata a san asalinta kafin a saya. A jikin leda za a ga an rubuta poppy seeds, Larabawa na ce mata khashkhash. Ƙanana ce ƙwarai, giram 1 yana ɗauke da kusan ƙwaya 3,300, launinta tsakanin shuɗi da toka, Indiyawa kuma suna da fara da suke kaurara miya da ita. A tsakiyar Turai abinci ce ta gado. Mutanen Foland suna naɗe ta cikin burodi mai zaƙi da suke kira makowiec lokacin Kirsimeti, na Hangari suna da irinsa mai suna bejgli, Jamhuriyar Cek da Turkiyya kuma suna cikin manyan masu nomanta a duniya. A can niƙa ta ake yi a cika burodi da ita fal. Cokali biyun da ake barbaɗawa a kek ɗin lemo abin wasa ne idan aka kwatanta.

Sai dai shukar da ke ba da ita ita ce dai wadda ake samun ofiyom daga ƙaronta, tushen mofin da kodin. Ƙwayar kanta kusan ba ta ɗauke da waɗannan sinadarai, amma wurin girbi ƙaron kan shafi bayanta. Wankewa da gashi suna rage shi sosai, kuma yankan kek ba ya bugar da kowa. Duk da haka ɗan abin da ya saura yana iya bayyana a gwajin fitsari. Wannan ya sa Ma'aikatar Tsaron Amurka ta gargaɗi sojojinta a Fabrairun 2023 da su guji cin abinci mai ita, Tarayyar Turai kuma tun Yulin 2022 ta ƙayyade cewa ƙwayar da za a sayar wa jama'a kada sinadaran su wuce miligiram 20 a kilo. Wanda ke da gwajin ƙwaya a gabansa, na neman aiki ko na shiga makaranta, ya haƙura da ita na 'yan kwanaki. Abin da ya fi shafar mu kuwa: Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun haramta shiga da ita, haka ma Singafo. Hajiyar da za ta Umara, ko ɗan kasuwar da zai bi ta Dubai, kada su kuskura su sa ledar ƙwayar nan a jaka, ko da ta girki ce.

Wadda ta samu ƙwayar a manyan kantuna ko shagunan kayan Indiya, ta shinshina kafin ta zuba. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, kuma a zafi irin namu ba ta daɗewa take yin warin tsohon mai. Firji ne wurin ajiyarta, cikin kwalba mai murfi.

Gaskiyar magana, aikinta a wannan kek bai taka kara ya karya ba: ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori, ɗan ɗanɗano mai kama da na gyaɗa, sai kwalliya. Duk waɗannan riɗi yana bayarwa, ga shi ana noma shi a Jigawa da Nasarawa da Binuwai har ana fitarwa ƙasashen waje. A wanke shi, a shanya, a ɗan soya shi sama-sama a busasshen kasko har ƙamshinsa ya fito, a zuba cokali 2 kamar yadda za a zuba fofi. Baƙin riɗi ma har ɗigo-ɗigon hoton zai bayar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da asalin fofi ba, ga mafita nan ba tare da dogon bincike ba. Abin da ba za a yi ba shi ne a ɗauko habbatus sauda don ta yi kama da ita a ido. Ɗacinta da ƙarfin warinta za su danne lemon gaba ɗaya, a yi asarar ƙwai uku a banza.

Saboda haka uwargida, kada rashin ƙwayar Turai ya hana ki gwadawa. Ki nemi lemo mai santsin fata wanda bai fara yaushi ba, ki goge ɓawon kafin ki yanka shi, domin lemon da aka riga aka matse ba ya goguwa.