Ruwan Wanke-Wanke Mai Maiƙo: Ina Za Mu Zuba Shi?

Kowace ranar Lahadi kasuwar Baleyara takan cika ta batse. Mutane kan zo daga Filinge, daga ƙauyukan Kurfai, har daga Yamai. Duk wanda ya zo ciniki sai ya ci abinci. Shi ya sa masu tuwo, masu ƙosai, masu tsire da masu shayi suke samun rabonsu. Amma in kasuwa ta watse, ina ake zuba ruwan wanke-wanke da ragowar man tuya? Sau da yawa bisa hanya ne, ko cikin magudanar ruwa.

Abin da maiƙo yake yi

Mai da kitse suna narkewa in suna da zafi. In sun huce, sai kitsen ya daskare, man kuma ya manne a bangon magudana. Daga nan leda, yashi da ɓawon albasa su liƙe a jikinsa. Sannu a hankali hanyar ruwa ta toshe.

Wannan ya taɓa faruwa a Landan, babban birnin Ingila. A shekarar 2017 an tarar da curin maiƙo da shara a cikin bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Nauyinsa ya kai tan 130, tsawonsa mita 250. Sai da ma'aikata suka yi makonni suna farfasa shi.

Mu ba mu da irin wannan bututu, amma haɗarinmu ya fi kusa da baki. Baleyara tana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ba shi da zurfi, ƙasar kuma yashi ce. Ƙazamin ruwan da ya kwanta kusa da rijiya yana iya tsiyaya ya shiga cikinta. Da wannan rijiyar muke sha, da ita muke ban ruwa a garake. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Inda ruwan wanke-wanke ya kwanta, ƙudaje suna taruwa, su tashi su sauka bisa abinci. Haka zawo yake kama yara. Da damina kuma, in magudana ta toshe, ruwan sama yakan tsaya, sauro ya hayayyafa. Ba mu manta ambaliyar 2024 ba, wadda ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Garin da ya toshe hanyar ruwa, ruwa yakan nemi hanya ta cikin gidajensa.

Abin da doka ta ce

Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar tsaftar jama'a mai lamba 93-13. Ta hana zuba ƙazamin ruwa da shara bisa hanyar jama'a, ta kuma tanadi tara ga wanda ya saɓa. A shekarar 2010 aka yi dokar ruwa, wadda ta ce wanda ya gurɓata ruwa shi zai biya. A 2022 kuma aka fito da sabuwar doka mai lamba 2022-34 bisa lafiya da tsaftar jama'a.

Ma'aikatan tsafta ne suke duba wuraren saida abinci. In sun zo, mu karɓe su da mutunci. In an ci mutum tara, ya nemi takardar shaidar biya, ya karanta ta da kansa. Ga amfanin karatun da muka koya.

Abin da za mu yi

1. Kafin mu wanke tukunya ko kaskon tuya, mu goge maiƙon da dusa. Dusar ta zama abincin kaji.

2. Mu tace ragowar man tuya da ƙyalle, mu tara shi cikin jarka. Ƙungiyoyin mata da suka koyi haɗa sabulu suna iya amfani da shi.

3. Mu tace ruwan wanke-wanke da rariya, mu bar shi ya huce cikin bokiti. Maiƙo zai taso sama, sai mu kwashe shi.

4. Mu gina rami mai duwatsu, gawayi da yashi, mu rufe bakinsa. Nan za mu riƙa zuba ruwan. Ramin ya yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30.

5. Kafin damina, ƴan layi ɗaya su haɗu su yi gayyar yashe magudanarsu.

Duk wannan ba ya cin kuɗi da yawa. Tara guda ɗaya tana iya cinye ribar kasuwa, jinyar yaro kuma ta fi tara tsada. Mai ciniki ma ba ya son zama cin abinci inda wari yake tashi.

Ƴan'uwa masu karatu, mu kai wannan magana cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci, mu tattauna ta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mai tuwon da ke kusa da shi. Ranar Lahadi mai zuwa, kowa ya duba bayan rumfarsa.