Yadda kuskuren agogon kwamfuta ke tsayar da aiki, da hanyar gano matsalar

A shagunan buga takardu da cike fom, da kuma ofisoshi, akwai matsalar da ke yawan rikita masu aiki: intanet na nan lafiya, data ba ta ƙare ba, amma kwamfuta ta ƙi buɗe shafin banki ko na imel. Wasu kan ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, har su biya kuɗi a goge komai a sake ɗora Windows, su yi asarar takardunsu. Alhali sau da yawa laifin na ɗan agogon nan ne da ke kusurwar allo.

Kowane shafin intanet mai tsaro yana da takardar shaida mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Burauza tana gwada ranakun ne da agogon kwamfutarka. Idan agogon ya koma shekarun baya, sai ta ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, ta toshe shafin. A Chrome saƙon da ke fitowa shi ne NET::ERR_CERT_DATE_INVALID.

A ofisoshin da kwamfutoci ke haɗe a ƙarƙashin cibiya ɗaya ta Windows, abin ya fi tsauri. Tsarin Kerberos mai tantance ma'aikata, bisa saitinsa na asali, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfutar ma'aikaci da babbar kwamfutar ofis. Manhajojin da ke ba da lambobin sirri masu canzawa duk daƙiƙa 30 su ma da agogo suke aiki.

Me ke sa agogon ya kauce?

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse na kwatz mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, kuma da kaɗawar ake ƙirga lokaci. Babu dutsen da ke cika lissafin daidai. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba baƙon abu ba ne, yana zama daƙiƙa 1.7 a rana, kusan minti ɗaya a wata. Cikin kimanin wata shida ba tare da gyara ba, an kai minti 5 ɗin nan da ke hana ma'aikaci shiga.

Zafi ma yana da nasa rabon. Irin wannan dutse ya fi aiki daidai a kusan digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kuma yana rage gudu idan zafi ya ƙaru ko ya ragu. Kwamfutar da ke aiki a shago marar iska a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi za ta fi saurin kaucewa kan wadda ke ɗaki mai sanyi.

Sai kuma batir. Idan an kashe kwamfutar tebur kuma babu wuta a jikinta, wani ƙaramin batir mai kama da kwabo, yawanci samfurin CR2032 mai ƙarfin bolt 3, shi ke riƙe agogon. A inda ake ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, batirin ya fi shan aiki. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka kuwa, da yawa kan iso da batirin da ya riga ya tsufa.

Inda kwamfuta ke samo sahihin lokaci

Maganin da masana suka samar shi ne tsarin NTP, wanda Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware da ke Amurka ya tsara, aka wallafa ƙa'idarsa a 1985. Mills ya rasu a watan Janairun 2024, amma tsarin nasa na cikin tsofaffin ƙa'idojin intanet da ake amfani da su har yau.

Tsarin hawa-hawa ne. A can sama akwai agogunan atam da na'urorin GPS. Manyan kwamfutocin da ake kira saba da ke haɗe da su kai tsaye su ne hawa na ɗaya, masu karɓa daga gare su hawa na biyu, har a gangaro kan teburinka. Kwamfutarka tana aika tambaya, ta lissafa lokacin da saƙon ya ɗauka zuwa da dawowa, sannan ta gyara agogonta. Windows na tuntuɓar time.windows.com, yawancin na'urorin Linux kuwa na amfani da rukunin pool.ntp.org, wanda 'yan sa-kai ke gudanarwa.

Girman kuskuren ke nuna cutar

Kafin ka taɓa komai, gwada agogon kwamfutar da na wayarka, wadda ke karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa, ka duba girman bambancin.

Idan bambancin awa ɗaya ne cif ko awoyi cikakku, mintuna kuma sun yi daidai, to matsalar yankin lokaci ce. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. A Windows, zaɓin da ya dace da Najeriya da Nijar shi ne West Central Africa. Wanda ya bar kwamfutarsa a kan agogon Faris ko Balin zai ga ta yi daidai a lokacin hunturu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ta ƙara awa ɗaya, domin Turawa na sauya agogonsu, mu kuwa ba ma yi.

Haka nan masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Windows na ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gida, Linux kuma na ɗaukarsa a matsayin UTC, don haka a Najeriya sai a riƙa samun tazarar awa ɗaya bayan an sauya daga wannan zuwa wancan. Gyaran shi ne a saita su su bi tsari ɗaya.

Idan kuwa kwanan wata na komawa shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, batir ne ya mutu. A sauya shi, a shiga BIOS a gyara rana da lokaci. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka batirin na can ƙarƙashin allo, gara a kai wa mai gyara.

Idan bambancin 'yan mintuna ne kuma kullum ƙaruwa yake yi, kwamfutar ba ta samun sabar lokaci. A Windows, buɗe Command Prompt da izinin shugaba, ka rubuta w32tm /query /status domin ganin inda take karɓar lokaci da ranar da ta yi gyara na ƙarshe, sannan w32tm /resync domin ta gyara yanzu. A Linux, timedatectl zai nuna ko agogon na daidaitawa, masu amfani da chrony kuma su rubuta chronyc tracking.

Idan gyaran ya ƙi

Abu na farko da za a duba shi ne katangar tsaro. NTP na bi ta ƙofa mai lamba 123 ta hanyar UDP, kuma wasu ofisoshi na rufe ta. Shi ya sa za ka ga YouTube na buɗewa amma agogo ya ƙi daidaituwa. Haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarka ka sake gwadawa. Idan ta gyaru, matsalar daga hanyar sadarwar ofis take.

Na biyu, manhajojin na ƙin gyara idan tazarar ta yi yawa. Tsohuwar manhajar ntpd na tsayawa idan bambancin ya wuce daƙiƙa 1,000, Windows da ba ta cikin cibiyar ofis kuma, bisa saitinta na asali, ba ta karɓar gyaran da ya wuce awa 15. Don haka a fara saita agogon da hannu kusa da daidai, sannan a bar tsarin ya ƙarasa.

Ma'aikacin da kwamfutarsa ke ƙarƙashin cibiyar ofis kuwa kada ya sauya sabar lokaci da kansa. Daga babbar kwamfutar ofis take karɓar lokaci, kuma idan duk ma'aikata na ganin kuskure iri ɗaya, can ya kamata sashen kula da kwamfutoci ya duba.

Ga mai shago, abin da ya fi sauƙi shi ne ya riƙa gwada agogon kwamfutocinsa da na waya kowace safiya, ya kuma ajiye batirin CR2032 ɗaya ko biyu a aljihun tebur, musamman a lokacin rajistar jarrabawa da layi ke yin tsawo.