Ko Kun Sani? Sunan Dabino Daga Masar Ya Taso

Dabinon da ake jerawa a faranti a kasuwannin Batsari da Safana, ana rububinsa gab da shan ruwa a watan azumi, sunansa ya girmi garuruwan biyu da dubban shekaru. Da yawa sun ɗauka daga Larabci ya zo, alhali Balarabe tamar yake kiran 'ya'yan, itacen kuma nakhla.

Masana harsuna sun bi sawun kalmar har Masar ta zamanin Fir'aunoni, inda ake rubuta ta da baƙaƙe uku, b-n-r. Kibɗawa suka gaje ta, suna cewa benne. Mutanen Sahara dangin Buzaye suka are ta, suka ɗora mata "ta-" ko "te-" a gaba, yadda suke yi wa kalmomin jinsin mace. Wannan ɗorin ne ya zama "da-" a bakin Bahaushe. Maarten Kossmann na Jami'ar Leiden ya tattauna irin wannan aro a littafinsa na 2005 kan kalmomin da Hausa ta karɓo daga harsunan dangin Buzaye.

Fulanin dajin Rugu ma dibinoje suke cewa, kuma tushen ɗaya ne.