Mustafa Alhasan: Bakaniken Da Ya Sa Kwaɗi Mulki A Majigi

Yaran Kontagora da ke zama gaban talabijin suna kallon zanen dabbobi yana motsi, yawancinsu sun ɗauka wannan hikima ta Turawa ce kaɗai. Alhali kuwa tun shekara sittin da suka wuce wani maƙwabcinmu na Jamhuriyar Nijar ya ƙware a kanta, watau Malam Mustafa Alhasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane.

An haife shi a 1942, kuma kanikanci ya fara koya. Tun yana yaro yakan yanka takarda ya haska mata fitila, inuwa ta faɗa a bango, jama'a su taru kallo. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya ga basirarsa ya buɗe masa hanya har zuwa Kanada, inda ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

Aikin ba na rago ba ne. Majigi yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka fim na minti biyar kacal hoto 7,200 ne ke wucewa ta gaban idon mai kallo. A wancan zamani da hannu ake zanawa, a ɗauka, a sāke zana wani.

Fim ɗinsa na farko a 1962 sunansa Aouré, watau Aure. Amma kwaɗi ne suka fito da shi duniya. La Mort de Gandji ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar nan kuma ya fito da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, aka tarye shi da fareti da bushe-bushe da jerin 'yan rakiya. Mai karatu ya tuna cewa a 1966 ɗin ne soja suka kifar da gwamnati a Nijeriya da Gana da Bolta ta Sama. Yi wa masu mulki shaguɓe a irin wannan lokaci sai mai ƙarfin hali, shi ya sa Malam Mustafa ya bi hanyar tatsuniya, ya sa maganar a bakin dabba.

Bai tsaya ga zane ba. A 1972 ya yi fim da mutane mai suna FVVA, harufan farko na mace da gida da mota da kuɗi a Faransanci, inda ya zargi sababbin ma'aikata da kwaɗayin abin duniya. Daga baya ya haɗa 'yan tsana ya yi Kokoa, kokawar gargajiya tsakanin dabbobi. Ya kuma shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekaru masu yawa, kafin ya koma Tawa da zama.

Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris, 2015. Bayan shekara biyu gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya nunin ayyukansa. A nan gida kuwa, inda sunayen Aure da Kokawa ba su bukatar tafinta, da wuya a sami mai sayar da fina-finai a kasuwa da ya taɓa jin sunansa.