Noman laimar kwaɗi: kafin a ɗauki gatari, a san abin da ke cikin icen

Ƴan uwa mata, tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tambayar ranar zubi ba ta canza ba: wace sana'a za ta sa kuɗin asusu su haihu? Yanzu ga wata ana ta nunawa a waya, wato noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, a kan gungumen ice. A Japan da Sin sun daɗe suna yi: a huda gungume, a cusa iri, a ajiye a inuwa. To mu nan Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Runji, za ta karɓe mu?

Laimar kwaɗi ba ta rayuwa da hasken rana kamar hatsi. Abin da aka ɗora ta a kai shi take ci. Jikin ice shi ne tuwonta, miyarta kuwa azot, sinadarin nan na takin ure da ke sa ganyen hatsi ya yi shar. Ice tuwo ne mai yawa da miya ƴar kaɗan. A buhun ure mai kilo 100 akwai azot kilo 46, amma a busasshen ice kilo 100 ko rabin kilo ba ya kaiwa. Ɗan abin da ke akwai ma ya fi taruwa a ɓawo da farin icen da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ɗanyen reshe mai ɓawonsa ya fi tsohon gungume, kuma shi ya sa mai noma a kan gungume takan jira wata 6 zuwa shekara kafin ta tsinka.

Itatuwa kuma ba ɗaya ba ne. Gawo da bagaruwa dangin wake ne, suna jawo azot daga iska, amma ya fi yawa a ganye da ƴaƴa. Bagaruwa tana da abin nan mai bauri da ake jima da shi, dogon yaro yana da ɗaci, turare yana da mai. Abin da ke hana ice ruɓewa da wuri shi ke rage wa laimar kuzari.

Sai mu tambayi kanmu: wane icen za mu sare? Tun wajajen 1984 manoman jiharmu suka rungumi sassabin zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna da shi. Gawo yana zubar da ganye da damina, hatsin da ke gindinsa ya fi na fili, ƴaƴansa kuma awaki su ci. Azot ɗinsa ya fi mana amfani yana tsaye. Ga kuma tarar ma'aikatan gandun daji ga wadda ta sare shi ba izini.

Abin daɗin shi ne, akwai irin laimar da ba ta buƙatar gungume, wadda malaman gona ke kira plerot. Tana kama karan hatsi, karan dawa da ɓawon gyaɗa, kuma duk sun fi ice azot. A sassara karan ƙanana, a jiƙa, a sa cikin ruwan zafi kamar awa 1, a tsane, ya huce. A haɗa da iri, a cusa a leda, a huhhuda. Dusa tana ƙara azot, amma kada ta wuce kilo 1 a kilo 10 na kara, don in ta yi yawa koren fumfuna ne zai riga laimar cinyewa. In an dace, cikin sati 4 zuwa 5 za a fara tsinka.

Sai dai a yi lissafi. Kara da dusa abincin tumakin kiwonmu ne, ba kyauta ba ne. Laimar tana son sanyi da danshi, zafin Afrilu da Mayu kashe ta yake. A adana kara tun kaka, a gwada da damina, cikin ɗakin ƙasa mai inuwa, ana yayyafa ruwa. Iri kuwa daga hannun masana ake samo shi. Kada wadda ta tsinko ta daji don ci ko don iri, wata guba ce mai kisa, ido kuma ba ya rarrabe su.

Shawara ga ƙungiyoyi: kada a ba da babban rance a karon farko. Mata biyu ko uku su gwada leda 10, sakatariya ta rubuta abin da aka kashe da kilo nawa aka samu. Kafin nan a nemi mai saye a gidajen abinci na Maraɗi, don laimar ba ta wuce ƴan kwanaki sai in an shanya ta. In lissafi ya fita, a kawo shi gaban taro a ƙara hannu.