Zuriyar Arkwright da filayenta: daga ma'aikatar kaɗi zuwa gandu, 1732-1927

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu bi sawun gida guda na ƙasar Ingila, gidan Arkwright, ta hanyar haɗa abubuwa biyu waɗanda aka saba nazarinsu daban: jerin asalin zuriya da jerin filayen da ta mallaka. Dalilinmu shi ne, masu tarihin masana'antu sukan tsaya ga injin da ma'aikata, su kuwa masu bin asali sukan tsaya ga aure da haihuwa. In aka aza takardun biyu gefe da gefe, sai a ga wani abin da ko wacce ita kaɗai ba ta nunawa: gidan da ya fi kowane suna wajen kaɗin auduga bai daɗe cikin sana'ar ba, kuma da gangan ya fita daga cikinta.

Asalin gajere ne daga sama. An haifi Richard Arkwright a garin Preston cikin shekara ta 1732. Ubansa Thomas tela ne, ba shi da gandu. Richard ya koyi wanzanci, ya zauna Bolton yana aski yana ɗinka hulunan gashi irin waɗanda manya ke sawa a zamanin. Ya auri Patience Holt a 1755, ta haifa masa ɗa guda, shi ma Richard, ta rasu a 1756. Matarsa ta biyu, Margaret Biggins, wadda ya aura a 1761, ita ce uwar ɗiyarsa Susanna. Daga waɗannan ƴaƴa biyu ne duk rassan da za mu ambata suka fito.

A 1769 ya samu takardar mallakar ƙirƙira kan injinsa na kaɗi. A 1771 shi da abokan cinikinsa, Jedediah Strutt da Samuel Need, suka gina ma'aikata mai aiki da ƙarfin ruwa a ƙauyen Cromford, cikin lardin Derby. Abin lura a nan shi ne wurin ba nasu ba ne. Haya suka yi, har da haƙƙin amfani da ruwan, kan fam 14 a shekara. Ruwan kansa yana fitowa daga wani ƙaramin rafi da kuma wata magudana ta ƙarƙashin ƙasa da ke tsane ramukan haƙar darma. A riƙe wannan magudana, za mu komo kanta.

Shekara 11 bayan haka, a 1782, ɗan haya ya soma zama mai ƙasa: ya sayi gandun Willersley, ƙetaren kogin Derwent. A 1783 ya gina ma'aikatar Masson a bakin kogin. A 1785 kotu ta soke ɗaya daga cikin takardunsa na ƙirƙira, amma wannan bai tsai da shi ba, domin ya riga ya yi wa masu gasa da shi nisa. Sarki George na 3 ya ba shi laƙabin Sir a 1786, aka naɗa shi wakilin sarki na lardin Derby a 1787, sa'an nan a 1789 ya sayi gandun Cromford kansa daga hannun Peter Nightingale, wato ƙasar da ya shigo a matsayin baƙo. Babban gidan da ya sa a gina masa a Willersley ya yi gobara a 1791, shi kuma ya mutu a 1792 bai taɓa zama cikinsa ba. An ƙiyasta dukiyar da ya bari da fam dubu 500. (Kada a manta audugar da ta kawo wannan dukiya, mafi yawanta bayi ne ƴan asalin Afirka suka noma ta a tsibiran Karayib da Birazil. Littattafan asali ba su ambatar wannan.)

Mi ya sa mutumin da ma'aikata ke ba shi riba mai yawa zai zuba kuɗinsa a ƙasa, alhali abin da haya ke kawowa bai kai haka ba? Amsar tana cikin doka. Tun 1711, wanda ke son wakiltar lardi a majalisa sai ya mallaki ƙasar da ke ba shi fam 600 a shekara, mai wakiltar gari kuwa fam 300. Tun 1732 alƙalin sulhu na karkara sai yana da ƙasa mai kawo fam 100. Ma'aikata na iya ƙonewa cikin dare guda, ko ƴan tarzoma su rushe ta, kamar yadda suka yi wa ta Arkwright da ke Birkacre a 1779. Ƙasa kuwa ita ce ƙofar mulki, ita ce kuma ƙofar aure. Tun 1780 Susanna ta auri Charles Hurt, ɗan tsohon gida mai filaye da ramukan darma a lardin.

Amma a ganinmu, mutumin da ya fi cancanta a tsaya kansa shi ne ɗan, Richard na 2 (1755-1843), wanda tarihi bai cika kula da shi ba. Ya tashi cikin ma'aikata, ya riƙe ta Bakewell tun yana saurayi, ya san aikin sarai. Duk da haka, bayan mutuwar uban ya rabu da mafi yawan ma'aikatun da ke nesa, ya riƙe na kusa da gida, ya karkata ga banki a Wirksworth, da takardun bashin gwamnati, da ba manyan sarauta rance, cikinsu har da Georgiana, matar mai sarautar Devonshire, wadda caca ta cinye. Matarsa Mary Simpson ta haifa masa ƴaƴa 11, maza 6 da mata 5.

A nan ne jerin zuriya da jerin filaye suka zama abu guda. Al'adar manyan gidajen Ingila ita ce babban ɗa ya gaje ƙasa duka, a ɗaure gadon da takarda don kada a raba shi, ƙannensa su nemi aikin soja ko na coci ko na shari'a. Richard na 2 bai bi wannan hanya ba. Yana da tsabar kuɗi, saboda haka maimakon ya raba gandu guda, sai ya yi ta sayen sababbi yana zaunar da ƴaƴansa cikinsu tun yana da rai. A 1810 ya sayi Hampton Court ta lardin Hereford (ba fadar sarki ta kusa da Landan ba) daga mai sarautar Essex, kimanin hekta 2.500 kan wajen fam dubu 230, ɗansa John ya zauna can. Mark Hall ta lardin Essex, wadda ya saya a 1819, ta zama ta Joseph, malamin coci. Sutton Scarsdale, a 1824, ta Robert. Charles ya samu Dunstall a lardin Stafford. Peter, wanda ya fi sauran tsayawa kan kaɗi da banki, shi ya gaji Willersley. Babban ɗan, Richard na 3, ya wakilci garin Rye a majalisa, ya riga ubansa mutuwa a 1832. Da uban ya rasu a 1843 ya bar fiye da fam miliyan 3, ana cewa ba wanda ya kai shi dukiya cikin waɗanda ba su da sarautar gado.

Aure ya ƙarasa abin da kuɗi suka soma. John ya auri ɗiyar Sir Hungerford Hoskyns, tsohon gidan Hereford, ya raɗa wa ɗansa sunan surukin nasa, ya zama John Hungerford Arkwright. Wanda ya karanta wannan suna cikin jerin manyan lardi ba abin da zai tuna masa da wanzamin Bolton. Ɗalibanmu masu bin asalin gidajen alhazai su lura da wannan: sunan da aka sa wa jika sau da yawa yana faɗin inda gida ya dosa fiye da littafin ciniki.

Ita kuwa ma'aikatar Cromford, ruwa ne ya kashe ta. Masu darma sun haƙa sabuwar magudana, Meerbrook, wadda ta fi ta farko zurfi, ta janye ruwan. Gidan Arkwright ya kai ƙara, ya faɗi a 1839, kaɗi ya tsaya a wurin cikin shekarun 1840. Gidan bai girgiza ba, don ƙarfinsa ya riga ya koma wani wuri. Masson kaɗai ta ci gaba, har aka shigar da ita cikin kamfanin English Sewing Cotton a 1897, ta yi aiki har 1991.

Filayen ma ba su dawwama ba. Faɗuwar farashin hatsi daga shekarun 1870 ta rage kuɗin haya, harajin gado na 1894 ya ƙara nauyi. Jikan John, wato John Stanhope Arkwright, ɗan majalisa na Hereford, ya sayar da Hampton Court a 1912. An sayar da Sutton Scarsdale a 1919, masu saye suka kware rufin, katakon adon wasu ɗakunanta yana gidan tarihi na Filadelfiya a Amurka. Willersley ta fita daga hannun gidan a 1927, ƙasar Mark Hall kuwa ta shiga cikin sabon birnin Harlow bayan 1947. Ma'aikatun da gidan ya juya wa baya su ne UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2001.